Kan Inji da Albasar Baba Sahabi

Samarin da ke zama a bakin rumfata a Wurno sun ɗauka aikina bai wuce rataya inji a kafaɗa ana lilo da shi dama da hagu ba, ciyawa na zuba da kanta. Akwai ma wanda ya ce mini ko ƙanwarsa aka ba injin za ta share filin makaranta kafin azahar. Ban musa masa ba, don na san ƙanwar tasa ta fi shi zuciyar aiki. To tunda kun ce abin banza ne, ku gyara zama in nuna muku inda wahalar take. Ba a kafaɗa take ba, tana can ƙarshen sandar injin, wurin ɗan abin nan mai juyawa da muke kira kai. Tayar da inji kowa ya iya. Sanin irin kan da za a ɗaura masa a kowane wuri shi ne sana'ar, kuma ni Labbo na taɓa tsayawa a shago ina zaɓen kan inji alhali irin albasar wani tsoho gaba ɗaya yana jiran abin da zan ɗauka.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Da damina gulbi ya cika ya yi ambaliya, ya shafe fadama tun daga Goronyo har ƙasan Wurno. Ya kwashe shinkafa, ya rushe rudu, wato rumfunan karan da ake adana albasa a ciki, ya kuma farfasa babban kanal ɗin da ke kawo ruwan dam. Rani ya shigo ana cikin gyara, sai ruwa ya koma na layi: yau a sako wa wannan reshe, gobe wancan, wanda ranarsa ta wuce kuwa sai ya daɗe yana jira kafin ta sake zagayowa. Ni ma na ji a jikina. Makarantu da asibitocin da ke kirana shara duk sun yi shiru, manoman shinkafa ba su da abin yanka, injina ya fi yini a jingine.

Ina zaune wata rana da hantsi sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wani tsoho siriri, ƙafafunsa duk busasshen laka. Shi ne Baba Sahabi. Asalinsa mutumin wajen Shinaka ne, rashin kwanciyar hankali ya taso shi ya dawo kusa da Goronyo, inda yake da 'yar gona a wutsiyar wani ƙaramin kanal. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya shiga magana.

"Labbo, kai anka ce min in biɗa. Jibi za a sako muna ruwa, kanal ko ya cushe da shalla, ko ɓera bai wucewa."

"Baba, ina mutanen kanal ɗin? Ba a yin gayya?"

"Gayyar wa? Na sama ruwa na iske su, ko an share ko ba a share ba. Mu na wutsiya mu adda buƙata, kuma wutsiyar bana ni ɗai na. Sauran sun tahi ci-rani."

Sai ya gaya mini abin da ke gonar. Albasarsa ja ce mai siririn wuya, irin wadda za ta daɗe a rudu ba ta ruɓe ba. Daga hannun mahaifinsa ya karɓi irin, kuma kowace shekara shi ke fitar da abinsa, bai taɓa sayen na kasuwa ba. Ambaliya ta tafi da rudunsa da goran da yake ajiye iri. Abin da ya tsira kwando ɗaya ne da ya kai wa 'yarsa tun kafin ruwan. Ya je ya karɓo, ya yanke kawunan ya binne don su ba shi sabon iri. Yanzu sun fitar da kara, sun fara farin fure, kuma a wannan gaɓar ƙishirwa ke kashe iri. Rijiyar gonar laka ta cike ta. Da jaki yake ɗebo ruwa yana ɗan yayyafa musu, abin bai kai ko'ina ba.

"In ruwan jibi ba su kai gare ni ba, irin ga ya ƙare a duniya," in ji shi. "Ba ni da wani, kuma babu mai shi."

Washegari da sassafe muna bakin kanal ɗin. Ku da ba ku taɓa sharar ƙaramin kanal ba sai na yi muku bayani. Faɗinsa bai fi ka ware ƙafa ka tsallake ba, an shafe cikinsa da siminti, amma ambaliya ta zuba laka da tsakuwa da ɓaraguzan simintin kansa, shalla, doguwar ciyawar ruwan nan mai kauri, da sauran ciyayi suka samu wurin zama. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne tiyo. Manoman irin wannan kanal ba su da ƙofar ruwa, da tiyon roba suke janye shi: ka nutsa shi ya cika, ka toshe baki da tafin hannu, ka jefa cikin gona, ruwa ya bi. In sun gama ban-ruwa ba sa kai shi gida. Turawa suke yi ƙarƙashin ciyawar gefen kanal don kada rana ta busar da shi, kada kuma ɓarawo ya gani, galibi bakinsa ɗaya na lilo a cikin kanal ɗin. Kowa ya san inda ya ɓoye nasa, ba ya kuma gaya wa ko ɗan'uwansa. Ƙa'idarsu ita ce duk mai sharar da ya yanke tiyon wani, aiki ya tsaya ke nan sai an zauna gaban shugaban manoma an sasanta. A shekarar da kowa ransa a ɓace yake, irin wannan zama zai cinye ranar ruwa ɗungurungum.

Na tayar da inji da tsohon kaina na roba, mai naɗin zaren roba a ciki, wanda shi ke yankan ciyawar. Ya yi mini aiki shekaru, na san ya gaji, amma shekarar ba ta sayen sabon abu ba ce. Ban yi nisa ba ya daki wani ɓallin siminti da ke kwance cikin ciyawa. Na ji ƙaras, murfin ya yi gabas, naɗin zaren ya yi yamma. Na kashe inji. Baba Sahabi ya je ya tsinto murfin, ya rabe biyu, ya tsaya yana haɗa su kamar mai fatan su manne.

"Baba, aje shi. Mu tahi cikin gari."

Muka hau kabu-kabu mu biyu, sandar injin a kafaɗata tana tsokanar mutane a hanya. Ɗan kabu-kabun ya yi ta mita, wai me ya sa ban bar injin ba in je in sayo kan kawai. Ban kula shi ba. Wannan doka ce da na samo daga wanda ya koya mini aiki, Oga Yohanna, mutumin Zuru, makaniken ma'aikatar ruwa. Lokacin da na haɗu da shi lebura nake, da lauje da adda muke sharar kanal, kuma shi ya fara kawo irin wannan inji yankinmu. Ranar Lahadi ba ya taɓa sifana, ranar Juma'a kuma shi ke korata in tafi masallaci tun kafin a kira salla. Da na roƙe shi ya koya mini, sai ya rataya mini injin a kashe, ya ce in yi ta kaɗa shi a bayan gareji har kafaɗata ta san nauyinsa. Abokaina suna wucewa suna tambayata ko iska nake yanka. Ranar da ya fara ba ni sifana in kwance kai, na yi ta murɗawa, noti na ƙara ɗaurewa, gumi na zuba. Shi kuwa yana zaune a kan taya yana cin gyaɗa. Sai da na gaji ya ce, "Labbo, wannan notin bahago ne. Inda kake kwance na keke, nan shi yake ɗaurewa." An yi shi haka ne don juyawar inji ta riƙa ƙara masa ƙarfi maimakon ta kwance shi. Har yau ana kawo mini injinan da aka cinye wa tiredi, wato haƙoran da noti ke bi, saboda rashin sanin wannan. Shi ne kuma ya ce mini kada in taɓa sayen kai ban je da injin ba, don mai shago kayansa yake son sayarwa, ba shi zai tsaya a rana ba.

Mai shagon kayan gyara a Goronyo, Buhari, mun saba. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera mini abin da yake da shi. Baba Sahabi ya tsuguna gefe, wasu 'yan zaman kashe wando suka matso kallo.

Farkon abin da Buhari ya miƙo wuƙar inji ce mai baki uku, sabuwa fil tana sheƙi. Na san ta sarai. Da irinta na yi wa wani Bafulatani aiki a fadamar Rabah, mai son tara wa shanunsa ciyawa. A can ita ce daidai, domin zare dagargaza ciyawa yake yi, ya kuma bar guntayen roba a ciki, saniya ta haɗiye su, su zame mata ciwo. Wuƙa kuwa kwantar da ciyawar take yi a jere, mai ita ya bi yana ɗaurewa. Shalla a wurinta ba komai ba ce. Da a fili ne, kafin la'asar na gama na wanke ƙafa.

"Wagga ta maganin shalla," in ji Buhari. "Mi kaka jira?"

Na ajiye ta. Ya miƙo faifai mai haƙora, wanda nake yankan shinkafa da shi. Shi ma na ajiye. Ƙarfe dai ƙarfe ne. A kanal mai faɗin taku ɗaya, duk kaɗawa sai ya sumbaci siminti, in ya daki dutse kuma ko ya ɓalle ya nufi ƙafar mutum, ko ya kashe giyar inji. Tiyo kuwa ba zai ma san ya yanke shi ba.

Sai kan roba mai naɗi, ɗan'uwan wanda ya fashe. Shi nake sawa in zan share asibitin Rabah, inda wata nas 'yar Filato ta shuka furanni a gindin tagogi, ta kuma ce in na fasa mata gilashi ko na taɓa fure ɗaya kada in sake zuwa. Ban taɓa ba, har ta bar garin ni ke mata shara. Amma wannan na lallausar ciyawa ne. Zarensa siriri, shalla za ta cinye shi, robar kuma na riga na ga abin da siminti ya yi wa ɗan'uwansa da safe.

Ɗaya daga cikin 'yan kallon ya ce, "Ku sa wayab burkin mashin mana. Haka muka yi a ƙauyenmu, har ƙaya tana yankewa."

Wannan dabarar mutanenmu ce, kuma na tsane ta. A cire zare a zura wayar burki, a ce an yi wayo. Tana yanka kam. Amma wayar silli-silli ce aka murɗe, in ta gaji sai ta riƙa tsinkewa tana feso allurai. Na taɓa raka wani asibiti da guda a cikin ƙwaurinsa. Na ce wa mai shawarar ya bari sai ranar da ya gaji da idanunsa.

Na tambayi Buhari ko yana da kan alminiyon, irin wanda ake zura masa guntayen zare da hannu. Ya yi dariya, ya ce akwai wani da ya daɗe a gindin kwali babu mai tambaya, saboda kowa na ƙyashin tsayawa yana zura zare. Ya tono shi, duk ƙura, ba kyan gani. Na goge shi da gefen riga. Na ɗaura a sandar, tiredin ya bi lafiya ta hagu, bai yi rawa ba. Na cire na rataya shi a kan ƙusa na juya, ya tsaya ba tare da wani gefe ya rinjaya ba. Ramukansa za su ɗauki zare mai kauri, mai kusurwa huɗu. Alminiyon zai daki siminti ya ɗan ƙuje ya wuce. Zare mai kauri zai ci shalla in an bi ta da haƙuri, in kuma ya samu tiyo sai ya mare shi ya lanƙwashe. Aibinsa ɗaya ne, jinkiri, kuma lokaci ne ba mu da shi.

Baba Sahabi ya ga na tura wuƙar gefe, ya kama hannun rigata.

"Ɗana, ka sa wuƙa mu tahi. Rana ta yi tsaka. In an yanke tiyon wani ni ka ba shi haƙuri."

"Baba, haƙurin da za ka ba Alhaji Modi, kahin shi karɓa ruwa sun wuce."

Alhaji Modi shi ke da manyan gonakin saman kanal ɗin, kuma duk yankin an san shi da zafin rai.

"Da zaren ga ba ka gamawa."

"Da wuƙa ko ba a barina in gama. Ka bar ni da abin da na sani."

Ya saki rigata. Tun daga shagon har muka koma gona bai sake ce mini uffan ba. Ba zan ɓoye muku ba, shirun nan ya yi mini nauyi, domin in lissafina ya kuskure ba ni zan yi asara ba.

Da isarmu na jefa ƙullin zaren cikin bokitin ruwan jakinsa. Zaren da ya daɗe a shago bushewa yake yi ya riƙa karyewa, in ya sha ruwa sai ya yi danƙo. Na yanka guntaye na cika aljihu, na ɗaure ƙafafuna da buhu, na sa tabarau, na shiga. Shalla ba a saranta daga gindi da zare, naɗe kan za ta yi ta shaƙe inji. Daga sama ake fara aske ta, a sauko tsakiya, sannan gindi, kuma da bakin zaren kawai ake taɓawa, ba a cusa kan ciki. Kowane taku sai na yi masa hawa uku. Zare ya cinye, in kashe inji, in zura wani, in ja igiya. Baba Sahabi na biye da ni da sanda mai ƙugiya yana fitar da abin da na yanka.

Ƙarar inji ta kira mutane. Kafin la'asar ga Alhaji Modi ya iso da babbar riga da ma'aikatansa, ya tsaya a kan gaɓa ya harɗe hannu. Na sassauta inji na gaishe shi.

"Kai mai inji, ka san abin da ka kwance cikin ciyawag ga?"

"Na sani, Alhaji."

"To tiyona sabbi na. Kak ka ce ban hwaɗa maka ba."

Ban yi taku da yawa ba na ji sautin zare ya canza, daga tsit-tsit ya koma faf-faf. Duk mai wannan aiki da kunne yake gani. Na ɗaga kan, na share gefe da gefe, sai ga baƙin tiyo kwance. Alhaji ya sauko da kansa ya jawo shi. Ya bi shi da yatsa tun daga baki har baki, ya toshe gefe ɗaya ya hura. Iska ba ta fita ba. Sai ɗan farin zane inda zare ya mare shi. Ya miƙa wa yaronsa, ya ci gaba da bina a kan gaɓa. Haka muka yi ta tono su, nasa da na maƙwabtansa, wasu ma masu su sun manta inda suka tura su. Duk wanda ya fito sai an hura shi an gwada. Ko ɗaya bai huje ba.

Amma rana ba ta jira ni ba. Aka kira magariba ina hango giginyar gonar Baba Sahabi can nesa, tsakanina da ita shalla ce tsaye. Hannuwana sun mutu saboda karkarwar inji, ko buta na kasa riƙewa da kyau. Tsohon ya dubi abin da ya rage, ya dube ni, ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Da aka sallame asuba na koma. Zaren ya kwana a ruwa, ya yi daɗin aiki, ya rage cinyewa. Na ba inji wuta. Hantsi na ɗagawa na ji ana kira daga sama cewa an sako ruwa. Ban waiwaya ba, na ci gaba. Matsalar ba a gabana kawai take ba. Baba Sahabi ƙarfinsa ya ƙare, yankakkiyar shalla ta taru a bayana fiye da abin da zai iya fitarwa. Ruwa ya iso ya tattaro ta, ya cusa ta wuri ɗaya, ya tsaya, ya fara neman hanyar tsallake gaɓa. Can sama kuma manoma sun jeru kowa da tiyonsa a hannu, domin al'ada ita ce ruwa na wuce gonarka ka jefa naka. In suka jefa gaba ɗaya, ɗan abin da zai rage ba zai iya ture ko ganye ba, balle ya kai wutsiya.

Na ga Baba Sahabi ya shiga cikin ruwan har gwiwa yana jan ciyawa da hannu, yana zamewa yana tashi. Na ce a raina, Labbo, ka tsirar da tiyon masu hali, ka kashe irin talaka.

Sai na ji muryar Alhaji Modi, kuma ba ƙaramar murya gare shi ba.

"Kowa shi aje tiyonai."

Wani ya ce, "Alhaji, ranarmu ta hwa."

"Na sani. Tiyon da ka riƙe, da wuƙa anka shigo da ita jiya, da mi za ka ja ruwan? Mutanen ga sun kiyaye muna kayanmu, sun ɓata lokacinsu. Babu mai jan ruwa sai sun kai ga tsoho."

Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa, ya naɗe wando, ya shiga kanal. In mai gona ya shiga laka, ma'aikaci ba ya tsayawa a tudu. Nan da nan suka cika wurin, da manjagara, da fartanya, da hannu, suna watso shalla kan gaɓa. Ba duka suka ji daɗi ba, na ji masu guna-guni, amma babu wanda ya jefa tiyo. Wani ya karɓi aljihun zarena yana miƙo mini guntaye don kada in ɓata lokaci. Ruwa ya biyo ni har yana taɓa dugadugaina, ina yanka yana cike gurbin. Haka muka tafi, ni a gaba, ruwa a baya, mutane a gefe, har na sare tushen shalla na ƙarshe a gindin giginya na kashe inji.

Kunnena na ƙara, amma na ji shigar ruwan cikin busasshiyar ƙasa. Baba Sahabi ya riga ni isa. Ya tsuguna da 'yar fartanyarsa yana buɗe bakin fangali ɗaya bayan ɗaya. Fangalan can ƙarshe sun riga sun tafi, karansu ya kwanta ya yi fari, ruwa bai tashe su ba. Sauran kuwa suna tsaye da furensu. Bai dubi kowa ba, da albasar yake magana ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Ku sha, ɗiyana, ku sha." Sai da ruwa ya kai ko'ina ya miƙe ya ɗaga wa Alhaji hannu, Alhaji ya ɗaga wa na sama, tiyo suka faɗa ruwa.

Sannan ya zo inda nake zaune ina kwance buhun ƙafata. Ya tsuguna ya shafa kan alminiyon ɗin, duk ya ƙuje ya yi zafi.

"Ashe mummunan abin ga ya san aiki," ya ce.

"Baba, jiya ko gaisuwa ka hana ni."

"Jiya ban san ka ba, ɗana."

Furen ya ƙulla, iri ya nuna, ya sussuka ya sheƙe. Ni ba manomi ba ne, don haka abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji. Tsohon da bai taɓa ba kowa irinsa ba, sai ya bi gonakin kanal ɗin tun daga sama har ƙasa, duk wanda ya riƙe tiyonsa a wannan safiya ya ƙulla masa ɗan iri a tsumma. Ya ce ya ga abin da ke faruwa in abu yana hannun mutum ɗaya. Bai daɗe sosai bayan haka ba Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu in lokacin albasa ya yi, ku je inda ake lodi ku saurara. Za ku ji fatake daga nesa suna tambayar 'yar Sahabi, ja mai siririn wuya, wadda ke kai wa Kurmi ba ta ruɓe ba. Daga Goronyo ta bazu har Rabah da Marnona. Masu sayen ba su san tsohon ba, balle ni. Ni kuwa in mota ta wuce ta gaban rumfar nan shaƙe da jajayen buhuna, sai in ajiye sifana in bi ta da kallo har ta sha kwana, ina jin kaina ya yi girma. Da na ɗauki wuƙar nan mai sheƙi a shagon Buhari, da babu ko ɗaya a cikin buhunan.